Na Haddace Sinancin da Babu Mai Karanta Shi

Malama mai wannan fili, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni da shawara, ko da ta rarrashi ce, don na rasa inda zan kai kukana. In na faɗa wa mutanen gida sai in ga suna danne dariya, in na kai wa masu gyaran kwamfuta sai su ɗauka na'ura ce ta lalace. Ni kuwa ba na'ura ce ta dame ni ba. Jikata ce take suɓuce mini ina ji ina gani.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya. Na ƙarar da ƙuruciyata a gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane riƙon fensir, wasu daga cikinsu yau har da furfura suke durƙusawa su gaishe ni. Na faɗi haka ne don ki gane girman kunyar da zan ba ki labarinta.

Ɗana na fari ya tafi karatun injiniya a waje, ya auri abokiyar karatunsa, 'yar Sin, suka zauna can ƙasarsu inda ya sami aiki. Ba zan ce na yi guɗa da na ji labarin ba, amma da ya kawo mini ita na ga yarinya ce mai kunya, ba ta bari in ɗaga ko kofi, sai na saki raina. Suka haifi mace, ya sa mata sunana, nake kiranta Takwara. Sau ɗaya na taɓa goya ta, tana jaririya. Bayan haka sai kiran bidiyo kowane ƙarshen mako, shi yana tsakiya yana yi mana tafinta: in tsokane ta ya juya mata, ta murguɗa baki ta rama ya juyo mini. Wani lokaci ma na san ƙari yake yi a tsakani don ya haɗa mu faɗa.

Shekara biyu ke nan da ya rasu, gajeruwar jinya. Ban yi zaton bayan rashinsa akwai wani rashin da zai biyo ba, sai da aka gama zaman makoki aka koma kiran bidiyo. Surukata ba ta jin Hausa sai sannu da na gode, Turancinta kuma ba ya kai mu ko'ina. 'Yan kalmomin da uban ya koya wa Takwara suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Kaka kaɗai. Sai mu zauna muna kallon juna. Ta ɗago 'yar tsanarta, in tafa mata. In nuna mata kyanwar gidanmu, ta yi murmushi. Daga nan ta zame daga kujera ta bar ni da bangon ɗakinsu. Autata, wadda take zaune tare da ni, ta sa mini manhajar fassara a waya, amma kafin in lalubo haruffa in rubuta abin da nake so, yarinya ta shige ƙarƙashin tebur. Yarinya 'yar shekara shida ba ta jiran tsohuwa ta gama dangwale waya.

Shi ne na ce zan koyi Sinanci, in ma mutuwa zan yi a kai. Na gaya wa surukata ta manhajar nan, ban ɗauka za ta ɗauki maganar da nauyi ba, sai ga shi ta zauna da kanta ta shirya mini darussa ta turo a fayil irin na PDF. Kowace kalma da rubutunsu, a ƙasanta yadda ake faɗinta da haruffan boko masu 'yan alamomi a kai, a gefe kuma hoto. Ba ta cika shi da tarkace ba, abin da kaka za ta buƙata ta zaɓo: kin ci abinci, me kika koya a makaranta, rigarki ta yi kyau, ina kewarki.

Matsalar ita ce rubutun ƙanana ne a waya, ni kuma yanar ido ta fara taɓa mini ido ɗaya. Sannan ni ban iya koyon abu daga gilashi ba. Yadda na koyar haka na iya koya: a ja layi, kalma babba a hagu, ma'anarta da Hausa a dama, a bar fili a ƙasa a yi ta kwafa har hannu ya san hanya da kansa. Sai na ɗauko tsohuwar kwamfutar marigayi da ya bar mini, na buɗe fayil ɗin, na kwafi rubutun na liƙa a shafin da zan ƙara masa girma. Abin da ya fito 'yan akwatuna ne jere, babu komai a cikinsu. Na sake, suka fito alamun tambaya. Na sake ta wata hanya da autata ta nuna mini, layuka suka hau kan juna, hoto ya tafi gabas kalma ta tafi yamma. Na yi kwanaki ina wannan fama har na fara yi wa kwamfuta magana kamar ɗalibin da ya ƙi ji.

Da abin ya ci tura na kai ta wurin wani mai gyara, shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, ba ya ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya tsaya a ƙofa. Ya duba ya ce ai abin ba wuya, na'urar ce ba ta da haruffan Sinanci a cikinta. Ya ɗora mata, ya kwafa ya liƙa a gabana, akwatunan nan duk suka koma rubutun Sinawa. Malama, har sai da na ji ƙwalla. Na tambaye shi ko daidai yake da na wayar, ya kara wayar kusa da kwamfuta ya ce in duba da kaina, Sinanci ne zalla ba gauraye. Na duba. A lokacin duk rubutunsu ɗaya ne a idona, kamar an watsa tsinken tsintsiya. Na sa masa albarka, na sa aka buga mini takardun da manyan baƙaƙe, ban ƙara buɗe fayil ɗin waya ba tunda ina ganin na sami wanda ya fi shi.

Na zage dantse wata da watanni. Da na idar da sallar asuba sai in zauna a teburin cin abinci da littafin rubutu irin na 'yan aji ɗaya. Na manna takardu a jikin firji, a ƙofar kicin, har a madubin banɗaki. Autata ta ce gidan ya koma kantin Sinawa, saura in fara sayar da tocila. Maƙwabta suka sa mini suna Mama 'yar Sin, ina amsawa da fara'ata. Kuma ban nuna wa surukata ko shafi ɗaya ba. Halinmu ne na malamai, ba ma fito da ɗalibi gaban baƙi sai ya nuna. Na ce sai na iya sosai zan ba su mamaki.

Ranar zagayowar haihuwar Takwara na zaɓa. Na sayi farin kwali da jar maka ta rubutu, na ja layi da rula, na rubuta daga kaina ba tare da duba takarda ba: Takwara, Kaka tana sonki, Kaka tana kewarki. Na ci ado kamar mai zuwa biki. Da aka haɗa kiran na ɗaga kwalin da hannu biyu.

Yarinyar ta fara makaranta, tana ɗokin karatu, duk abin da ta gani sai ta karanta. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta sa yatsa tana bi, leɓɓanta suna motsi. Sai ta tsaya. Ta koma farko, ta sake tsayawa, ta juya ta kira uwarta. Surukata ta zo ta duba, na ga ta rufe baki da hannu, kuma ba dariya take ɓoyewa ba. Na ce to bari in faɗa da baki, na faɗa yadda na haddace. Takwara ta yi mini ƙuri, ta ce wa uwarta wani abu a hankali, ta tafi wurin ƙawayenta.

Bayan an tashi surukata ta nemi in ɗauko mata hotunan littattafaina. Na tura. Amsarta ta daɗe kafin ta zo. Ta ce kowane harafi da na rubuta harafi ne na gaske, kuma hannuna ya yi kyau, amma ba su ne ta aiko ba, ko ɗaya. In aka jera su ba sa nufin komai, wasu ma ita kanta ba ta taɓa ganinsu ba. 'Yan alamomin da ke kan haruffan boko kuma, masu nuna inda murya take hawa da sauka, duk sun zube wajen kwafa, shi ya sa abin da na faɗa ma bai fita ba. Ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin. Na matsa mata ta gaya mini abin da yarinyar ta ce. Da ƙyar ta faɗa: wai tambaya ta yi ko Kaka ba ta da lafiya.

Na koma wurin mai gyara, ya sosa ƙeya ya ce wasu fayilolin haka suke, fuskarsu daban cikinsu daban, shi iyakar saninsa ke nan. Autata ta gwada wasu shafuka na intanet masu juya fayil, ɗaya ya fito da shirmen farko, ɗaya ya fito da hoton da in an ƙara masa girma sai ya dushe. Na koma kwafa da hannu kai tsaye daga waya, ina ja da yatsa ina ƙyafta ido har ruwa ya riƙa zuba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne haruffan banzan nan sun zauna daram a kaina. Ina kallon na daidai, hannuna yana rubuta na ƙarya. Ni da na sha jan kunnen yara a kan kwafa ba dubawa.

Ana cikin haka surukata ta sanar da ni za ta yi aure. Da kanta ta faɗa, cikin ladabi, ba a bakin wani na ji ba. Za su koma wani gari. Kiran da ake yi kowane mako yanzu sai a tsallake biyu ko uku, in an yi ma Takwara ɗaga hannu kawai take yi daga nesa. Ban ga laifin uwarta ba, yarinya ce, ba za ta tsufa a kan takaba ba. Amma na san can akwai wata tsohuwa, uwar sabon mijin, da za ta zama kakarta, wadda za ta yi mata faɗa ta ji, ta yi mata wasa ta gane. Autata cewa take in haƙura, ga jikoki nan a gabana masu jin maganata. Gaskiyarta ne, ina sonsu. Sai dai wannan ita kaɗai marigayi ya bari.

Malama, akwai yadda ake kwafar rubutun nan ya fito yadda yake? Akwai yadda tsohuwa za ta goge abin da ta haddace? Ko dai in tattara littattafan in ƙyale yarinyar nan ta huta da tsohuwar da take tsorata ta? Wallahi na gaji, kuma ina jin lokaci ya riga ya wuce ni.

Kakar da ba ta da baki

*

Mama, wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan ɗanki, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ki ladan haƙuri.

Bari in fara da na'ura, don ita ce mai sauƙi. Mai gyara bai yi miki ƙarya ba a zuwanki na biyu. Irin wannan fayil an yi shi ne don a kalla a buga, abin da ido yake gani a kansa ba lallai ne ya zama shi ne abin da kwamfuta take ɗauka in an kwafa ba. Akwatunan da suka ɓata miki rai su ne suke gaya miki gaskiya cewa wani abu ya lalace. Da aka ɗora haruffan, ɓarnar ba ta tafi ba, riga kawai ta samu. Don haka ki daina kokawa da wannan fayil. Ki kai shi wurin masu buga takardu ki ce su buga shi yadda yake a babbar takarda, kada su kwafi komai, ke kuma ki rubuta ma'anar Hausa da biro a gefe. In kina son wanda za ki juya yadda kike so, ki roƙi surukarki ta turo kalmomin a saƙon waya na yau da kullum. Kuma duk abin da aka buga, ki ɗauki hotonsa ki tura mata ta duba kafin ki kai shi bakin fensir. Kin fi ni sanin ɗalibi ba ya yi wa kansa maki. Kuskurenki ɗaya ke nan, ɓoyewar da kika yi, kuma ƙauna ce ta sa ki.

Takardun da ke jikin firji da madubi ki sauke su yau. Ba a goge hadda da ƙarfi, barinta ake yi ta dushe, kuma ba za ta dushe ba kina kallonta kullum.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi miki daɗi ba. Ki ajiye rubutu gaba ɗaya, aƙalla na wani lokaci. Idonki ba zai ɗauka ba, kuma Takwara ba rubutunki take buƙata ba, muryarki take buƙata. Ki nemi surukarki ta riƙa turo miki jimlolin nan a saƙon murya, a hankali. Ki saurara, ki maimaita, ki tura mata ta gyara. Kunnen da ya tashi da Hausa ya saba da hawa da saukar murya, a nan kin fi mutane da yawa sa'a. Kada ki nemi da yawa. 'Yan jimloli kaɗan da suka fita sarai sun fi littafi cike. Ta farko da za ki koya ita ce wadda za ki gaya wa yarinyar cewa lafiyarki ƙalau, karatu kike koya kika faɗi. Yara sun san faɗuwa a karatu, ba ta ba su tsoro. Abin da ya tsorata ta rashin sanin abin da ya same ki ne.

Ba zan yaudare ki ba, Mama. Da shekarunki, da idonki, ba kuma wanda za ki yi yaren da shi kullum, ba na jin za ki kai ga irin hirar da kike mafarki, ta tsokana da ramuwa irin ta lokacin ubanta. Tana girma da saurin da ya fi na koyonki. Sabon gida zai ci lokacin uwarta, kira zai ƙara raguwa ko da ba wanda ya yi niyyar hakan. Autarki ba rashin tausayi ya sa ta faɗi abin da ta faɗa ba, tana kallon uwarta tana ƙarewa ne a kan tebur, kuma jikokin da ke gabanki suna da haƙƙi a kanki. Amma ban yarda da ita ba cewa ki saki gaba ɗaya. Matar da ta zauna cikin zafin rashin miji ta shirya miki darussa, ta kuma zo da kanta ta gaya miki maganar aurenta, ba mai neman rufe ƙofa ba ce. Ki sa wa aurenta albarka da bakinki, ki yi shi da wuri kuma da zuciya ɗaya. Sannan ki roƙe ta abu ɗaya wanda za ta iya cikawa: kira sau ɗaya a wata, a rana sananniya. Ƙaramin alkawarin da ake cikawa zai fi riƙe ku a kan na kowane mako da ake ta tsallakewa ana jin kunyar juna.

Akwai kuma aikin da ba ya buƙatar Sinanci ko kaɗan, kuma duk duniya ke kaɗai za ki iya yinsa. Waccan tsohuwar da kike tsoro za ta iya yi wa Takwara faɗa da wasa, amma ba ta san ubanta yana yaro ba. Ba ta san abin da yake ƙi ci ba, da abin da yake tsoro, da ƙaryar da ya fara yi miki, da ranar da ya fara sa ki alfahari. Ki kunna naɗar murya a wayarki ki riƙa ba da waɗannan labarai da Hausarki, kaɗan-kaɗan, kina kiran sunanta. Ki ba uwarta, ki ba autarki ita ma ta adana. Yarinyar da ta rasa uba tana ƙarama, akwai shekarun da takan kai ta fara tambayar wane ne shi. In ta kai nan, ita za ta nemi mai fassara da kanta.

Ba zan iya yi miki alkawarin za ta saurara ba. Ba zan kuma iya cewa kina raye ranar za ta zo ba, wataƙila ta zo ba kya nan. Shi ya sa nake roƙonki kada ki jira sai kin iya yarenta kafin ki yi mata magana. Ki fara a makon nan, tun muryarki tana da ƙarfi.

Allah ya ba ki lafiyar ido da tsawon rai, ya raya Takwara, ya sa wata rana ta ji kakarta ta gane.